Ki Zo Mu Yi Hira

'Yata ce ta jawo komai. Daga asibiti muke, an yi mata allurar rigakafi, ta yi kuka har ta gaji, ni kuma don in samu ta yi shiru na bar ta ta sha nono fiye da cikinta. Bas ɗin irin wanda ake danna mutane ne har sai ƙofa ta ƙi rufuwa. Ga zafi, ga warin fetur, ga wani a bayana ya rungume buhun albasa da wata ta ruɓe a ciki. Direba ya faɗa rami bai rage gudu ba. 'Yata ta ɗago kai daga kafaɗata, ta dubi yarinyar da ke zaune kusa da mu kamar za ta yi mata dariya, sai ta kwararo mata tumbuɗi tun daga wuyan riga har cinya.

Farar riga ce, ta sha sitati, ta sha guga. Yarinyar ba za ta wuce sha bakwai ba, siririya, da baƙin siket da baƙin ɗankwali. Fayil ɗin roba da ke hannunta ta ɗaga sama, shi ta ceta, rigar ta tafi.

Tumbuɗin jariri in a kafaɗar uwarsa yake ba komai ba ne, gogewa ake yi a wuce. A jikin baƙo kuwa sai ki gan shi yadda yake: guda-guda, mai yauƙi, yana tsami kamar madarar da ta kwana a rana. Matar da ke gefe ta toshe hanci da mayafi. Mai albasa, shi da ya cika mota da ɗoyi, har da tsaki. Na ciro tsumma ina gogewa ina ba da haƙuri, ina ƙara shafa abin cikin yadin. Yarinyar ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Idonta kawai ya ciko.

"Anti, intabiyu zan je," ta ce.

Na buga jikin mota na ce a tsaya. Na san layin shagunan da ke wajen, akwai mai wanki da guga. Na goya 'yata, na kama hannun yarinyar muka sauka.

A gaban shagunan akwai kwata, baƙin ruwa ya tsaya cak, leda da ƙudaje sun rufe shi, an gitta katako ana tsallakawa. Mai guga dogo ne, daga shi sai singileti, ba ya son magana. Kusa da shi shagon kayan kwalliya ne na wata mata mai jiki da kowa ke kira Madam. A benci kuma wani tsoho na zaune da jarida yana jiran a goge masa wando, Baba Akawu suke ce masa. Ban san ko ɗayansu ba sai dai a ido, su ma ba su san ni ba, balle yarinyar.

Amma ina faɗin abin da ya faru kowa ya miƙe. Madam ta ja yarinyar bayan labule, ta ba ta zani da wata tsohuwar riga ta saka, ta miƙo farar da yatsu biyu tana yamutsa fuska. Mai guga ya ɗauko butar ruwan zafi, na tare shi na ce ruwan sanyi tukuna, in zafi ya taɓa nono ƙarnin ya zauna ke nan, ko a wanke sau nawa. Ya dube ni, ya ajiye butar. Ya wanke da sabulu, ya ɗauraye, ya naɗe rigar cikin tawul ya murɗe, sannan ya shimfiɗa ta ya ɗora dutsen guga. Tururin farko da ya tashi duk muka sansana. Akwai saura. Madam ta kawo lemun tsami daga jakarta aka matse a ruwa, aka sake daga farko.

Kafin rigar ta bushe, Baba Akawu ya naɗe jaridarsa ya ce a kawo masa yarinyar. Ya ce shi ya tsufa a ofis, ba a taɓa ɗaukar ko masinja ba sai yana ɗakin, don haka ya san abin da ke kayar da mutane tun daga bakin ƙofa. Ya sa aka juya masa bokiti ya zama tebur. Ya sa ta fita ta ƙwanƙwasa ƙofar mai guga, ta yi sallama, ta shigo. Tana shigowa ta nemi wuri ta zauna, ya ce ta faɗi, ta koma. Ba a zama sai an ce zauna. Ba a ɗora jaka a teburin mutane. Kujerar da ke fuskantar tebur ita ce tata, ba wata ba. In an yi tambaya ta dubi mai tambaya, ba yatsun ƙafarta ba.

Ya gyara murya, ya sauke tabarau kan hanci, ya tambaye ta me ya sa take son aiki a wannan kamfani.

"Saboda babu a wani wurin, Baba."

Har mai guga sai da ya dara. Baba Akawu ya ce gaskiya ce tsantsa, amma ta bar ta a gida. Ya koya mata ta ce tana son ta koyi aiki a wurin da ake aiki da gaske. Ta maimaita har ya zauna mata. Ashe ta iya kwamfuta, a makaranta ita ce mai buga wa malamai takardun jarrabawa, amma ba ta ɗauka abin faɗi ba ne. Ya ce wannan shi za ta fara sa wa a gaba. Madam ta karɓi takalmanta ta goge da man gashi har suka yi ƙyalli. Mai guga, ba tare da ya ɗago ba, ya raɗa mata suna Sakatariya, sunan ya bi ta nan take.

Ni ina gefe ina jijjiga 'yata, raina ya yi sanyi. Har na ce a zuciyata ashe akwai sauran mutane.

A tsakanin tambayoyin ne muka ji labarinta. Ita ce babba a ɗakinsu. Mahaifiyarta shara da goge-goge take yi a wata makaranta, gwiwoyinta sun fara ƙin hawa bene, an fara yi mata maganar hutu. Tun da yarinyar ta gama sakandare take bin ofisoshi da fayil. A wani kamfanin sayar da injin ruwa da tankuna, matar da ke teburin karɓar baƙi ta ce babu gurbi. Tana saukowa ta haɗu da manaja a matakala, ya tsayar da ita, ya kira ta 'yata, ya karɓi lambarta. Jiya ya aiko saƙo. Mahaifiyarta da kanta ta goge rigar nan da asuba, kuma babu ƙofar da ba ta leƙa ba a gidan hayarsu ta ce a taya ta addu'a.

Baba Akawu ya tambaye ta wane gurbi ne, don ya san irin tambayoyin da zai ƙara. Ta ce bai faɗa ba. Ya tambayi lokaci. Ta ce da yamma, in an tashi daga aiki. Ya ɗan ɗaga gira. Ita kuwa don ta nuna ba ta manta komai ba, ta ciro wayarta mai fasasshen gilashi ta kunna mana saƙon.

Muryar ta fito a hankali, mai santsi, yana magana yana taunar wani abu.

"'Yan mata, ni ne na ranar nan. Gobe da yamma in yarana sun watse ki zo ofis mu ɗan yi hira. Kada ki wahalar da kowa da rakiya, ke kaɗai kin isa."

Sai wata 'yar dariya ta cikin maƙogwaro, saƙon ya ƙare.

Ni matar aure ce, kafin nan kuma na yi budurci, na san wannan muryar ko a cikin barci. Babu macen da ta kai shekaruna da ba ta san ta ba.

Na tambaye ta a ina ya ce intabiyu. Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. Ta ce ai ga shi na ji, hira. Kullum mahaifiyarta na kunna rediyo, ana cewa mun yi hira da shugaban kaza, a yi masa tambaya ya ba da amsa. Hira ita ce intabiyu, shi dai babban mutum ne, bai son cusa Turanci a magana. Mahaifiyarta ma ta saurara, haka ta fahimta, har ta ce da jin muryarsa mai sauƙin kai ne.

Na juya na dubi sauran, ina jiran wani ya riga ni.

Mai guga ya sunkuyar da kai yana ta goge hannun rigar da ya riga ya goge. Baba Akawu ya cire tabarau ya hura musu iska, ya goge da gefen rigarsa, ya mayar. Ya ce to, a gaskiya kalmar tana ɗaukar wannan ma'anar, ba a ce ba ta ɗauka ba, kuma zargi ba shi da kyau, musamman ga mutumin da ba ya nan. Ya ce a koma kan tambayoyi, lokaci na tafiya.

Madam ce ta yi dariya. Ta ja baya ta ƙare wa yarinyar kallo daga sama har ƙasa, ba irin kallon ɗazu ba, irin wanda ake yi wa kaya kafin a sa musu farashi. Ta shiga shago ta fito da janbaki da kwalbar turare. Ta ce ɗankwalin nan a ɗan ja shi baya, fuskar nan a sake ta, in ya yi wasa ta yi dariya, in ya ba ta abin sha ta karɓa, kada ta je ta yi wa mutum ƙauyanci.

Hannun da ya matse lemun tsami ɗazu shi ne yake murza janbaki yanzu, kuma da fara'a ɗaya.

Na ja Madam bakin kwata inda yarinyar ba za ta ji ba, na tambaye ta ko ta ji abin da na ji.

"Maman bebi, na riga ki ji," ta ce. "Ke kina da mai ciyar da ke. Wannan wa take da shi? Ta je ta yi masa dariya, ta sha lemo, ta fito da aiki. In ta iya takunta ba abin da zai same ta."

"Da 'yarki ce fa?"

"'Yata ba ta yawon ofis-ofis."

Na koma na zauna kusa da yarinyar na faɗa mata a fili, ban yi kwana-kwana ba. Na ce hirar da namiji ke kiran mace ita kaɗai bayan mutane sun watse ba ta rediyo ba ce, kuma ita ma in ta natsu ta sani. Fuskarta ta sauya. Ta ce mutumin ya haife ta, ya girmi mahaifinta, da bakinsa ya kira ta 'yata. Ta ce ban san ofis nawa ta shiga ba, ban san sau nawa maigadi ya koro ta ba, sai yau da aka ce ta zo.

"Anti, 'yarki ta ɓata min riga ban ce komai ba. Don Allah kada ki ɓata min wannan."

Ya shige ni. Amma na ga in na ci gaba da musu za ta saka rigarta ta tafi ita kaɗai, da fushi kuma. Sai na ce ta yi haƙuri, wataƙila ni ce mai mugun zato. In haka ne ba abin da zai ragu don na raka ta. Ta ce to, amma kada in yi magana a ciki. Na ce na ji.

Na kira baban 'yata na ce zan yi yamma, ya ɗora ruwa a wuta. Ya fara tambaya, na ce sai na dawo.

Rigar ta fito fes, da ɗuminta. Yarinyar ta ƙi janbakin, ta ce mahaifiyarta za ta gani, amma kafin ta kauce Madam ta fesa mata turare a wuya. Na buɗe jaka zan sallami mai guga ya girgiza kai. Da na juya zan tafi ya ce ƙasa-ƙasa, idonsa a kan dutsen guga, in bi ta har ciki, kada in tsaya a ƙofa. Na dubi Baba Akawu, don namiji mai furfura a ɗakin da ya fi ni amfani. Ya ce shi wandonsa bai fito ba tukuna. Ya yi wa Sakatariya addu'a mai tsawo, ya buɗe jaridarsa. Har yau in na tuna, nasa ya fi tsaya min a wuya fiye da na Madam. Ita ko ba komai ta faɗi abin da ke ranta.

Mun isa ma'aikata na fitowa. Ginin bene ne, an jera tankuna a harabarsa. Yarinyar ta nuna min matar teburin baƙi, tana saukowa da jaka a kafaɗa. Ta gaishe ta da murna. Matar ta dubi farar rigar, ta dubi fayil, ta ɗaga kai ta dubi tagar sama da aka ja wa labule, ta amsa a ciki ta wuce da sauri. Wannan kallon ya gaya min ba yau aka fara ba.

Maigadi yana sakace haƙori da tsinken ashana. Bai tambayi yarinyar wurin wa ta zo ba, ya nuna mata matakala. Ni ya tare da hannu, ya ce ita kaɗai aka ce. Na ce ni yayarta ce, kuma in yana so ya taɓa mace mai goyo ga ni. Ya janye hannun, ya tofar da abin da ya sakato kusa da ƙafata.

Ta ƙwanƙwasa, ta yi sallama, kamar yadda aka koya mata. Aka ce shigo, an ja kalmar.

Sanyi ne ya fara dukanmu, sai turaren ɗaki da aka fesa ba tausayi, a ƙarƙashinsa kuma warin ƙafa. Takalmansa na ƙarƙashin tebur, an cusa safa a ciki. A kan teburin akwai farar takarda da abin yanke farce, ya tara yankakkun faratan ƙafarsa a kai, masu kauri, ruwan ƙasa. Gefe guda doguwar kujera ce mai taushi, a gabanta ɗan tebur da gwangwanin lemo biyu da nama a takarda, maiƙo ya huda ta. Shi kansa mutum ne mai tumbi, ya rina gashinsa baƙi wuluk, rinin ya zubo masa a gefen goshi. Ya taso ba takalmi yana murmushi. Yana hango ni a bayanta murmushin ya tsaya a inda yake.

Ya tambayi wace ce wannan. Yarinyar ta ce yayarta ce. Ni ban sa ta ba.

Ya nuna mata doguwar kujera, har yana bubbuga wurin da tafin hannu. Ta tsaya sai da ya ce zauna mana, sannan ta ja kujerar da ke fuskantar tebur ta zauna, ta miƙe bayanta, ta ɗora jaka a cinya. Ni na wuce na zauna a tsakiyar doguwar, na kwance goyo. Ya ce Hajiya ko za ta ɗan jira a waje, akwai benci. Na ce 'yata ta ɓata jikinta, in na gama. Ba ƙarya na yi ba, tun a matakala na ji ɗumin abin a bayana. Na shimfiɗa zani, na kwantar da ita, na buɗe kunzugun a nan gefen namansa. Wanda ya taɓa rainon jaririn da aka yi wa allura ya san abin da ya fito. Ya koma bayan teburinsa da sauri.

Yarinyar ta miƙa fayil da hannu biyu. Ya karɓa bai buɗe ba, ya ajiye shi a kan takardar faratan. Ya rage murya kamar ba na ɗakin. Ya tambaye ta unguwarsu, da wanda ke kula da ita, da ko akwai mai zuwa wurinta. Ya ce wannan turaren nata fa. Ya ce wayar hannunta ba ta dace da ita ba.

Ta dube shi a ido ta ce ta iya kwamfuta, tana buga rubutu da sauri, kuma tana son ta koyi aiki a wurin da ake aiki da gaske. Ta kai har ƙarshe. Ya ce madalla, madalla, idonsa ba a fuskarta ba. Ya ce ta sha lemo mana. Ta ce ta gode. Na ga yatsunta sun damƙe jakar.

"Yallaɓai, wane gurbi ne za a ɗauke ni?"

Ya kwanta a kujerarsa ya yi irin dariyar cikin saƙon. Ya waiwayo ya dube ni, wai mu manya mu taru mu yi wa yarinya dariya.

"Gurbi? Ni na ce miki akwai gurbi? Hira na ce. Ki koma ki saurari saƙon da kyau. Yaran yanzu, ka ce su zo a gaisa sai su kwaso maka takardu."

Ban yi magana ba, na yi alkawari, kuma ba a buƙata. Ina kallon bayan wuyanta. Sannan ta miƙe ta ɗauki fayil ɗinta. Ya danne gefensa da yatsa ya ce ta bar shi mana, ba a san gobe ba. Ta fizge. Farce ɗaya ya manne a jikin robar, ta gan shi, ta karkaɗe, ya ƙi faɗuwa, sai da ta goga shi a bakin teburin.

Ni ba na barin ƙazantar 'yata a ko'ina, kullum da leda a jakata nake ƙullewa in kai gida. Ranar na ajiye ta a buɗe cikin kwandon shararsa, na goya 'yata, muka fito.

Muka tsaya a tashar bas. Rana ta yi ƙasa, motoci na wucewa a cike. Tana ta goge tafin hannunta a siket, ko da yake bai taɓa ta ba. Ina neman abin da zan ce wanda ba zai zama na faɗa miki ba, wayarta ta yi ƙara. Shi ne. Ta dube ni, ta kunna.

Ya ce haba 'yan mata, fushi ta yi? Wasa yake, gwada ta yake yi. Akwai gurbi, har ya ware mata tebur. Gobe ta zo irin wannan lokacin a ƙarasa magana, amma ban da 'yar rakiya.

Ta tsaya da wayar a hannu. Na ga abin da ke yawo a idonta: gwiwoyin mahaifiyarta, ƙannenta, ƙofofin gidan hayar nan da aka bi ɗaya bayan ɗaya.

"Anti, in da gaske ne fa akwai?"

Na so in fizge wayar in jefa a ƙarƙashin tayar mota. Amma gobe ba na nan, jibi ma haka, kuma ba za ta rasa wayar aro ba. Na ce ban sani ba, ba na cikin zuciyarsa, amma akwai hanyar ganewa. Aikin gaskiya ba ya tsoron safiya, ba ya tsoron uwa. Ta faɗa masa lokacin da za ta zo da wanda za ta zo da shi. In akwai tebur, zai ce bismilla.

Ta share hanci, ta gyara murya, ta danna.

"Yallaɓai, na gode. Gobe da safe zan zo intabiyu, lokacin da ma'aikata suke nan, tare da mahaifiyata."

Ta tura. Muka haɗa kai a kan fasasshen gilashin. Alama ta nuna ya saurara. Muka jira. Bas ɗaya ya zo ya wuce. Sai hotonsa da ke saman saƙon, yana tsaye jikin mota da baƙin tabarau, ya ɓace, ya bar farin da'ira. Ta kira lambar, ta ƙi shiga. Ta sake kira.

"Ya toshe ni," ta ce.

A nan ne ta yi kukan, ba sauti, kafaɗunta kawai ke motsi. Na tsaya na kare ta daga idon mutane har ta gama. Da ta samu magana ba shi ta ambata ba. Ta ce mahaifiyarta na zaune a bakin ƙofa yanzu haka tana jira, maƙwabta ma za su fito. Ta ce za ta ce an yi intabiyu, an ce za a neme ta.

Na ce a'a. In ta faɗi haka, mahaifiyarta za ta yi ta tura ta ta je ta bincika, wata rana ma ta ce ta kai masa gaisuwa. Kuma a gidan nan nasu akwai wasu 'yan matan masu fayil. Ta ce ba za ta iya buɗe baki ta faɗa ba, kunya za ta kashe ta. Na ce ba ita ce mai jin kunya ba a wannan maganar, amma na gane.

Bas ɗin unguwarsu ya tsaya, ba hanyata ba ce ko kusa. Na ƙara ɗaure goyona, na tura ta gaba, na hau bayanta.

"Ke ki shiga ki cire takalmi kawai," na ce mata. "Ni zan fara yi wa Mama bayani."